Jiragen da Fusae Ta Jira

Mai girma shugaban wannan taro, magajin garinmu Baba Hosokawa. Malamin ɗakin ibadarmu. Malaman jami'a da suka taso tun daga birnin Sapporo. Shugabannin ƙungiyar masunta. Tsofaffi 'yan'uwana da suka rage, da jikokinmu da ke tsaye can baya: ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya da aka ba tsohuwa irina, Sumie ta gidan Nishimaki, damar yin magana. Ina godiya ga malamin da ya riga ni, wanda ya fayyace mana abin da zai faru da sojojin Rasha sun sauka a wannan gaɓar bayan sun ci Karafuto da ke arewa da mu, a ƙarshen yaƙin duniya na biyu: da an tsaga tsibirinmu Hokkaido gida biyu, da iyaka ta ratsa gonakinmu, da yau wani harshe muke yi. Gaskiya ya faɗa. Amma gani ya kori ji, ni kuwa ina nan.

Maganata ta farko, mun san za su zo. Waɗanda suka tsero ta teku sun ba mu labarin abin da ya sami mata da yara a can, ƙasarmu ma ta shiga gidajen wasu ba sallama, don haka babu mai sa ran rangwame. Maza suna fagen yaƙi. Mai unguwa na lokacin ya bi gida gida yana raba wa iyaye mata wani farin garin guba a ƙulle, yana cewa, "In kun ga jiragen ruwansu, kada ku bari a same ku da rai." Babu wadda ta yi musu.

Maganata ta biyu ita ce wata safiya a kwanakin nan, ina yarinya. Hazo ya rufe teku, ko tafin hannunka ba ka gani. Sai muka ji ƙugin injuna daga cikin hazon, masu yawa, masu nauyi, har randar ruwanmu tana rawa. Karnuka suka yi tsit. Mahaifiyata ta zaunar da ni da ƙanena, ta fito da sukarin da ta daɗe tana ɓoyo, ta dama da farin garin nan a kofi. Ƙanena ya yi tsalle ya ce, "Inna, yau biki ake yi?"

Ta ce, "Zauna, sarkin kwaɗayi. Sai na ga jirgi da idona."

Ƙugin ya matso, ya matso, har muna jin kamar ana sakin sarƙar ƙarfe cikin ruwa. Sai ya ɗauke. Muka zauna, kofi a hannunta, ba mai motsi. Da rana ta ɗaga hazo ya yaye, teku fayau, babu jirgi, babu kwalekwale, ko tsuntsu babu. Har yau ba wanda ya gaya mana abin da muka ji.

Mahaifiyata ta jira. Maƙwabciyarmu Fusae ta gidan Kurata ba ta jira ba. 'Ya'yanta uku, Isamu, Tomiko da Shoji, sun sha. Da ta zo kan nata rabon, ta tarar yaran sun lashe kofin saboda zaƙi.

Jama'a, da jiragen nan sun sauka, da an ce Fusae ta yi hangen nesa, da an ce ta tserar da 'ya'yanta. Ba su sauka ba. Ta rayu a cikinmu har ta tsufa. Ba mu zage ta ba, ba mu kore ta ba, ba mu kuma taɓa ambaton yaran ba. Kullum da safe tana bakin teku, wankakkiya, gashi a gyare, kamar mai tarar baƙi. Wata rana, ina matar aure, na same ta ina ɗauke da kwandon kifi. Na ce, "Goggo, sanyi ya yi yawa, mu tafi gida."

Ta ce, "Sumie, ke mai ido ce. Duba mini, sun taho?"

Na ce, "Goggo, yaƙi ya ƙare tuntuni."

Ta yi murmushi ta ce, "A'a, 'yata, makara suka yi. Dole su zo. In ba su zo ba, to me na yi?"

Duk garin nan yana godiya ba su zo ba, mace ɗaya tana roƙon su zo.

Ga roƙona. A jikin dutsen tunawa da muka taru buɗewa an rubuta cewa yaƙi ya tsallake garinmu, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ranka ya daɗe magajin gari, an rasa. Mamaya takan iso kafin jiragenta. A goge layin nan, a sa sunayen yaran nan uku, a sa na uwarsu tare da su.

Ubangiji Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya kare wannan taro, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ya ba manyan ƙasashe haƙurin zama cikin iyakarsu, tamu ma haka. Kada Ya sake nuna mana ranar da uwa za ta tsaya a bakin teku tana addu'ar zuwan abokan gaba.

Na gode.