Buhunan da Na Shimfiɗa wa Isufu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai ji ƙyamar taɓa irina ba. Baba Fasto, dattawa, iyayenmu mata, sannunku da zama.

Sunana Ayuba, daga wani ƙauye a yankin Fulatan. Waɗanda suka zo daga Rogo sun san ni, na ga ma wasu sun fara sunkuyar da kai tun ban ce komai ba. Ku ɗago, ba zan kira sunan kowa ba. Ku mutanen Karaye kuwa, in kun taɓa jin labarin dattijon ikilisiyar da aka sa wa ankwa, to ga shi tsaye a gabanku.

Sana'ata dillancin hatsi. Ina sayen masara a ƙauyuka, in tara, in ɗinke buhuna, mota ta zo ta kwasa zuwa Maraɗi. Wani mai kuɗi a Kano nake yi wa aiki, irin mutanen nan da za su ba ka hannu idonsu na kan waya. Wata rana ya ce zai riƙa aiko min da wasu ƙananan kwalaye, in cusa su a tsakiyar buhu in rufe da masara. Ban tambayi ko mene ne ba, don na sani. Tiramol ce da 'yan'uwanta. Kada wani ya tausaya min ya ce talauci ne. Rumbuna biyu cike suke a lokacin. Kwaɗayi ne tsagwaronsa, da son a ce Ayuba ya canza babur.

Shekara huɗu ina wannan aiki, da rana tsaka, ina ɗinki ina amsa gaisuwar masu wucewa. Ba duka kayan ke haye iyaka ba. Nakan rage kaɗan in ba wani mai shago a bakin titi, shi kuma ya sayar wa samarinmu. Ranar Lahadi in sa farar riga, in zauna a kujerar dattawa ina gyaɗa kai ga wa'azi.

Akwai wani mutum, Isufu, ɗan ci-rani daga wani ƙauye can bayan Tasawa a Nijar. Duk shekara bayan girbi yakan zo ya yi haƙar rijiya da yasa. Musulmi ne, dogo, ba ya da yawan magana. Kun san al'adarmu, baƙo ba ya zama a gari sai da mai masauki, kuma mai masaukin ne ke tsaya masa a gaban mai unguwa in wani abu ya taso. Ni na ba Isufu zaurena kyauta, har da tuwo.

Aka yi ta yabona. Fastonmu ma ya taɓa kawo ni misali a kan bagade, wai ga Kirista ya sauki Musulmi kamar ɗan'uwansa. Ni kuwa na san abin da na shirya. A zauren nake jibge buhunan da ke jiran mota. Na jera shida, na shimfiɗa tabarma a kai, na ce masa ga gado. Dabarata ita ce, ranar da asiri ya tonu, a ƙarƙashin baƙo za a samu. Wa zai saurari ɗan Nijar da ko takardar shaida ba shi da ita?

Ana nan ƙwaya ta fara cin samarin gari. Ɗan maƙwabcina ya faɗi a gona yana karkarwa, bakinsa na kumfa. Sai surutu ya tashi a teburin mai shayi. Nan fa kowa ya zama masani. Mutumin da bai taɓa wuce Gwarzo ba ya zauna yana yi mana bayanin yadda ake tsaron iyaka. Wannan ya ce ya ji a rediyo har Turawa korar baƙi suke yi. Wancan ya ce tun da 'yan ci-rani suka yi yawa kaji suka fara ɓata, sai ka ce ba mu san 'ya'yan wa ke satar kaji a garin ba tun muna yara. Musulmi da Kirista, wannan karon bakinsu ya zo ɗaya, abin da zaman sulhu goma bai taɓa yi ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa ni ne. Da mai unguwa ya tara jama'a a ƙofar gidansa, na miƙe na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanmu ba haka suka taso ba. Iyaka ce a buɗe. Kowa ya ɗauko ƙunshinsa ya shigo, ba wanda ya san abin da ke ciki."

Aka tafa min. Ƙwayar da nake cewa suna shigo mana da ita, ni ne nake aika musu da ita can tana lalata nasu 'ya'yan. Tafin ya yi min daɗi, sai na ƙara da cewa a binciki masaukin kowane baƙo, in an ga dama ma a fara da nawa. Na faɗa ne don na san mota za ta zo ranar Alhamis, bincike kuwa sai Asabar.

Mota ba ta zo ba. Na kira mai kuɗin nan, wayarsa a kashe. Fitar da buhuna kuma ba ta yiwuwa, don tun ranar taron 'yan sintiri suka sa ido a kan duk zauren da baƙo yake. Sai na ce wa kaina, ai dama don irin wannan rana na ajiye Isufu.

Asabar da hantsi suka zo. Ɗaya ya farke buhu da wuƙa, masara ta zube, kwali ya faɗo. Isufu a lokacin yana cikin rijiyar da yake haƙa wa wata gwauruwa mai suna Laraba. Suka jawo shi da laka a jikinsa, suka ɗaure hannayensa ta baya da igiyar gugansa, suka ƙulle tamau, suka zaunar da shi cikin rana a ƙofar mai unguwa.

Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Ayuba, buhuna naka, baƙo naka. Ka tsaya masa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, masarar tawa ce, amma shi ke kwana a kai. Ni taimako na yi, ban san abin da na ajiye a gidana ba."

Kowa ya yarda. Dama sun gama shari'ar tun a teburin mai shayi.

Mai unguwa ya tambayi Isufu ko yana da abin cewa. Ya kalle ni sau ɗaya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa a rufe bakin rijiyar Laraba da itace. Ban gama ba, kada yara su faɗa." A haka ya zauna har la'asar, sannan motar jami'an hana fataucin ƙwaya ta zo ta tafi da shi. Kafin magariba sauran 'yan ci-rani sun ɗaure kayansu sun bar garin.

Na ci tuwo a ranar, har na nemi ƙari. Ina faɗa ne don ku san irin mutumin da Yesu ya tsinta.

Washegari Lahadi coci ya cika. Fasto ya ce, "Dattijo Ayuba, kai aka ci amanarka, kai za ka yi mana addu'ar godiya." Na miƙe. Ina da muryar addu'a ta musamman, wadda nake sa wa rawa-rawa in na so mata su share hawaye.

Na ce, "Ya Ubangiji, mun gode da ka tona asirin mugu." Aka ce amin har kwanon rufi ya amsa. Na ce, "Duk mai hannu a cikin wannan abu, kada ka ba shi hutu." Amin. Na ce, "Ka kunyata shi a gaban jama'a, ka sa bakinsa ya tona shi." Amin.

Sai na buɗe ido ɗaya, kamar yadda na saba, in ga yadda addu'ar ke shiga mutane. Matata Saratu tana layin mata, idonta a buɗe, tana kallona, ba ta cikin masu cewa amin. Ita ke share zauren nan kullum. Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba.

Nan na ji abin da bakina ya roƙa, kuma coci guda ya ce amin a kaina. Karo na farko cikin shekara huɗu na tuna cewa in na rufe ido akwai wanda nake yi wa magana, kuma yana ji. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Sai na zube a gaban bagade na ce, "Yesu, ni ne! Kayan nawa ne. Ni na sa su a ƙarƙashin Isufu."

Da kun ga masu tafin nan. Wanda ke kusa da ni ya ja rigarsa gefe kamar na zubo masa miya. Wani dattijo ɗan'uwana ya matsa kusa da Fasto yana raɗa, amma na ji shi: "Baba, a rufe maganar a nan, kada Musulmi su ji, sunan ikilisiya zai ɓaci."

Fasto, Allah ya saka masa, ya ce, "Bawan Allah na tsare tun jiya saboda ƙaryarmu, kai kana maganar suna?" Ya ce in tashi. A bayan babur ɗinsa ya kai ni wurin jami'an, da farar rigata.

Na faɗa musu komai, har mai kuɗin da mai shagon. Sai da aka yi kwanaki ana bincike kafin a saki Isufu. Ranar da zai fita aka bi da shi ta gaban ɗakin da nake. Hannunsa na hagu a kumbure, yana riƙe da shi a ƙirji. Na ce, "Isufu, ka yafe min. Ba ka san komai ba na jefa ka."

Ya tsaya ya ce, "Na sani, Maigida. Shekara uku ina kwana a kai. Bayana ya san masara, ya san kwali."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Tuwon gidanka nake ci. Kuma da na faɗa, wa zai yarda?"

Shekara biyu na yi a gidan yari, kuma na cancanta. A can na koyi addu'a da muryata ta gaskiya. Mai kuɗin nan, na ji an ce ya bar ƙasar lafiya lau, Allah ya san inda yake. Masanan teburin mai shayi ma suna nan. Kwanan baya na ji ɗaya yana cewa, ai ko da Ayuba ne ya yi, baƙi ne suka koya masa. Har yanzu ba su gaji ba.

Da na fito, na nemi lambar wani ɗan'uwan Isufu na kira. Aka kai masa wayar. Yatsu biyu na hannunsa sun mutu saboda ɗaurin igiyar nan, ba ya iya riƙe diga. Mutumin da ya haƙa rabin rijiyoyin garinmu yanzu awakin mutane yake kiwo. Na roƙe shi ya dawo, na ce zan tsaya a gaban mai unguwa in wanke shi a idon kowa. Ya ce, "Na yafe maka tun ranar, Maigida. Amma ba zan ƙara zuwa ba. Ka gaida mutan gida."

Ina gode wa Yesu Almasihu da ya fisge ni daga wannan ƙazanta, ya ba ni bakin faɗar gaskiya, ya bar min Saratu da 'ya'yana. Yabo ya tabbata gare shi. In akwai mai ɗauke da irin kayana a wannan taro, ya dogara gare shi ya buɗe baki yau, zai karɓe shi kamar yadda ya karɓe ni. Kada dai ya jira kamar yadda na jira. Kwana ɗaya kawai na yi shiru, ga ni nan da yatsuna goma, Isufu kuwa takwas ne suka rage masa. Ku sa shi a addu'a kafin ku sa ni. Amin.