Rufin Ɗakin Haihuwa

A bencin sabon ofishin ƙaramar hukuma, wata ungozoma ta ja dogon tsaki. Mutumin da ke gefenta ya juyo.

"Haƙuri, Inna. Masu ba da tallafi sun gina mana nan ne don mulki ya matso kusa da jama'a."

"Kusa? Zuwana biyar ke nan! Rufin ɗakin haihuwa na yoyo, da lema nake karɓar jarirai. Ina shugaban?"

"Yana babban birni, ana taron bita kan sauraron talakawa. Jiya na baro shi, ai ni kansila ne."

"Na wace mazaɓa?"

"Ta ƙetaren kogi."

Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Can nake, ɗan nan. Shekara uku, sai yau na ga fuskarka."