Shan Iska Cikin Ruwa

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mun fake a sabuwar rumfar kankare ta tashar mota. Wani mai tumbi kuwa yana tsaye a waje, ya jiƙe sharkaf. Wata dattijuwa ta kira shi.

"Bawan Allah, shigo mana, ga wuri."

"Na gode, Inna. Iska nake sha."

"Iska cikin wannan ruwa? Ko tsoron rumfar kake? Kankare ne fa."

"Ni za ki gaya wa kankare? Ai ni na yi kwangilar rumfar nan! Yashi, tsakuwa, ruwa, sai ɗan siminti."

"Ɗan siminti? Jikana birkila ne, ya ce simintin ne ke riƙe sauran."

"Birkiloli ai ɓarna gare su. Siminti kamar gishiri ne a miya, Inna, barbaɗawa ake yi. Yashi kuwa ga shi nan Allah ya hore mana."

"To rodi fa? Ka dai sa?"

"Haba, sosai! Masu duba aiki sun zo sun gan shi, har suka yaba. Da suka tafi sai ya wuce wani aikin."

"To me ke riƙe da rufin nan?"

"Ikon Allah mana. Ko kina shakka ne?"

Dattijuwar ta ɗaga kai ta ƙare wa rufin kallo, sannan ta ɗauki jakarta ta fito cikin ruwan.

"Matsa min, ɗan nan. Ni ma iskar zan sha."