Shayin da Ya Ramar da Kajin Hedimasta

Goggo: Salamu alaikum. Halo? Injiniya?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Goggo! Ina wuni?

Goggo: Lafiya lau. Ya aiki?

Injiniya: Da godiya. Ya ƙafar?

Goggo: Tana nan, ba ta gudu ba. Ya maiɗakinka da 'yan biyu?

Injiniya: Duk lafiya. Ya kajinki?

Goggo: Nawa dai lafiyarsu ƙalau.

Injiniya: Naki dai? Na wa ne ba lafiya?

Goggo: Za mu zo nan. Kana zaune?

Injiniya: Ina falo, ina gaban kwamfuta. Ai ni ma ina shirin kiran ki, albishir gare ni. Shafinki na kiwon kaji, tun da na sauya wa tallace-tallacen tsari, masu dannawa sun ninka!

Goggo: Masu me?

Injiniya: Masu dannawa! Danna talla!

Goggo: Sabis ɗin nan... tsaya in fita daga ɗakin ƙwai. Yawwa. Buɗe min rubutuna na makon jiya, na yadda ake kula da kaji lokacin zafi.

Injiniya: Ga shi na buɗe.

Goggo: Matakai nawa na rubuta?

Injiniya: Biyar.

Goggo: Huɗu na rubuta. Karanta in ji.

Injiniya: Na ɗaya, a buɗe tagogi. Na biyu, a sauya ruwa sau uku a rana. Na uku, a rage cunkoso. Sai... a'a, wannan ba naki ba ne, talla ce.

Goggo: Karanta dai.

Injiniya: "A jiƙa cokali biyu na Shayin Tumbi-Sauka a ruwan ɗumi, safe da yamma. Kwana bakwai za a ga canji."

Goggo: To, an ga canji.

Injiniya: Goggo, shayin rage ƙiba ne, na mutane!

Goggo: A ina aka rubuta na mutane? Launinsa irin na rubutuna, girmansa irin na rubutuna, yana zaune tsakanin na uku da na huɗu kamar ni na haife shi.

Injiniya: Ai dabarar ke nan. Idan aka sa talla a cikin akwati, ido tsallake ta yake yi. Amma idan ta saje da rubutu...

Goggo: Sai a ɗura wa kaji.

Injiniya: Akwai alama fa! Na rubuta "talla" a samanta.

Goggo: Na gani. Sai da na sa tabarau, na kai wayar bakin taga. Da na ɗauka kashin ƙuda ne a kan gilashi, har na sa gefen zane ina gogewa.

Injiniya: Toka-toka ne launin, don kada ya ɓata kyan shafin.

Goggo: Kai, ɗan nan. Shekara ashirin ina kiwo, ban taɓa zuba maganin ɓera a gwangwanin gishiri don kantar kicin ta yi kyau ba. Mutanen nan da sunana suke karantawa. In na ce su zuba toka a ruwa, zubawa za su yi.

Injiniya: To amma wa zai ba kaza shayi?

Goggo: Mutumin da ya yi shekara talatin yana koya wa yara cewa umarni ba a tsallake shi.

Injiniya: Shekara talatin yana koyarwa...

Goggo: Halo? Ka yanke ne?

Injiniya: Ina ji. Goggo, ba dai Hedimasta ba?

Goggo: Baban matarka da kansa.

Injiniya: Innalillahi!

Goggo: Kaji ɗari biyu, masu ƙwai. Ya sayi kwali shida. Ya ce har agogo yake sawa, shida na safe da shida na yamma, da cokalin awo.

Injiniya: Sun mutu?

Goggo: Ina fa! Ai da sun mutu da an yi jaje an huta. Lafiyarsu ƙalau, sai dai sun zama kamar zabi. Ƙwai ya tsaya cak. Jiya uku suka tashi sama suka haye katangar maƙwabci. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin kazar gidan gona tana tsere da kare ba.

Injiniya: Wayyo ni! Bari in cire yanzun nan.

Goggo: Ba cirewa kawai ba. Kowace talla ka kewaye ta da akwati, launinta daban, ka rubuta TALLA da manyan baƙaƙe, yadda mai hakiya zai gani daga bakin ƙofa. Kuma ka fitar min da ita daga tsakiyar matakaina, ta koma gefe ko ƙasa.

Injiniya: Masu dannawa za su ragu fa.

Goggo: Su ragu. Ninkin da kake min albishir da shi, ka san daga ina ya fito? Hedimasta ne ya tura wa ƙungiyarmu ta masu kiwo, mutum sittin, ya rubuta a ƙasa, "A kula da mataki na huɗu."

Injiniya: Sittin!

Goggo: Tun safe nake kiran su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya cinye min kati. Yau za ka sa min takardar ban haƙuri a saman shafin.

Injiniya: Zan sa, wallahi zan sa. Goggo... kin gaya masa wa ya tsara shafin?

Goggo: Da farko ni ya zo yi wa faɗa. Ya ce ashe tsufa ya fara taɓa min kai. Ni kuwa ka san ba na ɗaukar kayan wani.

Injiniya: Goggo!

Goggo: Ya gyara tabarau, ya ce, "Wanda na ba wa 'yata?" Dama ya zo da guda ɗaya a kwali, sai ya ɗaure a bayan babur.

Injiniya: Kaza? Ina zai kai ta?

Goggo: Ya ce tunda kai ba ka iya sa alama ba, zai kawo maka hujja ka gani da idonka.

Injiniya: Yaushe ya taso?

Goggo: Ya kai rabin awa.

Injiniya: Tsaya... ana buga ƙofa. Goggo, ina jin kukan kaza! Don Allah kada ki kashe, bari in ba shi wayar ki lallashe shi!

Goggo: Ni? Katina saura ƙiris. Ka durƙusa tun daga nesa, ka karɓi kwalin da hannu biyu. Kuma ko ya tambaya, kada ka kuskura ka ce za a kawo masa shay...