Hular da Ta Yi Wa Ɗana Yawa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena mata da 'yan'uwana. Sunana Saratu, matar Malam Dauda kafinta. Na tsaya a gabanku yau don in faɗi abin da na ɓoye shekara biyu cur, da yadda Ubangiji ya sauke mini shi.

Wata hula ce ta fara ɗaukar idona. Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika, shanu na ta kuka a kara, ni kuma na fito sayen daddawa. A layin masu zare sai na hango ta a kan faifai, 'yar hular jarirai, saƙar ulu, kore da fari, da ɗan tuntu a samanta. Na tsaya ina kallonta har mai ita ta fara murmushi. Cikin fari ne da ni. Kun sani, mai cikin fari ba ta maganar cikinta, balle ta yi masa sayayya a bainar jama'a. Duk da haka na saya, na cusa a ƙugu, na kai gida na ɓoye a akwati ƙarƙashin littattafaina.

Dole in yi maganar littattafan nan. Na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da idona ya buɗe ban bar mutumin nan mai baza ƙananan littattafan labari a tabarma kusa da tasha ya huta ba. A cikinsu komai yakan zo a ranar da ta fi daɗi. Matafiyi ya dawo, ya ɗaga labule, ya tarar da abin da zuciyarsa ke so. Na ɗauka haka rayuwa take, in dai mutum ya iya shirya ta.

A lokacin an ɗauki maigidana aikin gini a Jos na wata huɗu. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, ba gidan da zan je goyon ciki, sai aka bar ni a gidanmu na Sabon Gari tare da yayarsa, Yaya Ladi. Wata rana wasiƙarsa ta zo. Ya ce zai iso ranar Juma'ar farko ta watan gobe, a motar kasuwa.

Na zauna da kalanda ina ƙirge. A lissafina wata tara ya kusa cika. Sai wani tunani ya shige ni: in na haihu ranar Juma'a, ana saura mako guda ya iso, ranar da zai sauka daga mota ita ce ranar suna. Zai shigo da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya ji guɗa, ya ga ɗansa da hula kore da fari. Na yi ta kallon wannan hoto a zuciyata har na daina ganin komai sai shi.

Katangarmu ɗaya da Iya Hari, ungozoma. Musulma ce, tsohuwa mai barkwanci, rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibiya. Har daga Dagumawa da Kausani akan zo da jaki a ɗauke ta. Na cire kunya na shiga wurinta da hantsi.

"Iya, ina kwana? Ya gida, ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, malama mai takarda. Yau an ajiye littafi an tuna da mu jahilai? Ya nauyin jiki?"

Na faɗa mata abin da nake so, ina wasa da bakin zanena. Ta ce in kwanta. Ta shafa cikin a hankali, ta danna nan, ta danna can, sai dariyarta ta ɗauke.

"Wa ya ce miki wata tara?"

"Na ƙirga, Iya. A kalanda."

"Kalandar ce ke ɗauke da cikin ko ke? 'Yar nan, bai ko juya ba, kansa na sama. Da sauran wata biyu, in bai fi ba. Daka da tafiya da kunun tsamiya duk ana yi, amma sai ciki ya nuna ya sauko da kansa. Ba abin da zan ba ki. Je ki ci tuwo ki kwanta."

Gaskiyarta ce. Daga baya na gane kuskurena. Na fara ƙirge ne daga watan da na yi zazzaɓi al'ada ta ɗauke mini, ashe cikin bai shiga ba sai bayan wata biyu. Da na taɓa faɗa wa wata babbar mace, da ta gyara mini. Kunya ta hana. A ranar dai na fita ina cewa a raina, tsohuwar da ba ta san baƙi ba me ta sani da lissafi?

Na shiga yin duk abin da na taɓa ji mata na faɗa. Na kama daka, namu da na maƙwabta, har mata na tsokanata, "Saratu, gero ya yi miki laifi ne?" Na riƙa sauka kogi da tulu, in bi ta inda rairayi ya fi zurfi, in hawo, in koma. Na sha kunun tsamiya da kanwa, na zuba yaji a komai. Na bar zuma da rake, don an ce zaƙi ke tsare hanya. Bayana ya yi ciwo, ƙafafuna suka kumbura, ɗan kuwa yana kwance abinsa yana motsi.

Sai wata Juma'a na tsaya wurin wani baƙon mai magani da ya baza sassaƙe a bakin kasuwa. Bai tambaye ni wata nawa ba. Ya ba ni ƙullin sassaƙe da man zurma a 'yar kwalba, ya ce in jiƙa in haɗa in sha, kwana ɗaya na sauka. Kwana shida kwalbar tana bayan randa. Kullum in ɗauko, in tuna fuskar Iya, in mayar. Ranar Alhamis da yamma na ɗauko hular na shafa ta, na ɗauko kwalbar na shanye.

Wayyo, 'yan'uwa! Ban yi addu'a ko sau ɗaya a kan wannan abu ba. Na san abin da zan ji in na yi.

Da safiyar Juma'a ciwo ya kama ni. Na daure kamar yadda aka koya mana, ban yi ko tari ba, har rana ta take Yaya Ladi ta same ni durƙushe a bayan ƙofa. Ta ƙwala wa Iya kira ta kan katanga. Iya ta zo da gudunta na tsufa. Ta dube ni sau ɗaya, ta ɗaure zane ta kama aiki.

Kafin la'asar na haihu. Namiji. Ranar Juma'a, daidai ranar da na zaɓa.

Kukansa kamar na ɗan mage. Iya ta naɗe shi da auduga, ta sa kaskon garwashi kusa, tana ɗiga masa nono da ɗan cokali tana masa wasa, "Kai, ango, ina za ka da sauri haka?" Kwana uku ba ta shiga gidanta ba sai don salla. A rana ta biyu, da ɗakin ya rage mutane, na lallaɓa na ciro hular na sa masa. Ta sauko ta rufe idonsa da hancinsa, har haɓa. A nan na san wata nawa ne. Iya ta zare ta a hankali, ta ninke, ta sa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai.

Ranar Litinin da hantsi ya tafi. Bai samu suna ba.

Maigidana ya iso ranar Juma'ar da ya ce, da 'yar riga da sabulu a ƙunshi. Ya ɗaga labule, ya tarar da mata zaune jugum.

Yaya Ladi ta riga ta tsinci kwalbar a bayan randa, ta kuma tuna ta ga na shiga gidan Iya. Da mutane suka watse, Malam ya riƙe kwalbar ya tambaye ni da murya a sanyaye, "Saratu, Iya ce ta ba ki wannan?"

Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na san yadda za su ɗauki shirun, na kuma bar su suka ɗauka.

Yaya Ladi ta fita tsakar gida ta yi ta faɗa ta kan katanga, unguwa duk ta ji. Magana ta bi masu zuwa kasuwa har ƙauyuka. Jakuna suka daina tsayawa a ƙofar Iya. Hatsi da naman suna da akan kai wa ungozoma, abin da take ci ke nan, suka yanke. Ta koma kaɗin auduga da yin itace. Kuma duk safiya sai in ji muryarta ta kan katangar nan, "'Yar nan, kin tashi lafiya? Ki riƙa shan kunun da zafinsa."

Gara da ta zage ni!

Shekara biyu ina ramewa. Abinci ba ya shiga, wani cikin bai zo ba. In aka ɗaga waƙa a sujada ba na iya sa baki. Littattafan nan ban ƙara buɗe ko ɗaya ba. Malam ya kai ni asibiti a Kano, ba a ga komai ba. Na faɗa wa wata mai jinya abin da na sha, ta ce wataƙila shi ne, wataƙila kuma ko ban sha ba da ya zo da wuri, Allah kaɗai ya sani. Hankalina bai kwanta ba, domin ita laifi ɗaya ta ji, ni kuwa biyu nake ɗauke da su.

Wata Alhamis ina kan hanyar taron addu'ar mata, na hangi Iya a bakin gada. Ta sauke dami tana haki. Wata yarinya mai tsohon ciki ta zo wucewa, yarinyar da Iya ce ta yanke wa cibiya. Iya ta ɗaga hannu za ta gaishe ta, yarinyar ta kau da kai ta tsallaka ɗaya gefen. Iya ta mayar da hannun ta gyara gammonta.

Na isa ɗakin sujada. Ba mu fi mu goma ba, har da Yaya Ladi. Da aka durƙusa, addu'ar da ta gagare ni shekara biyu ta ɓalle da kanta. Na ce, "Yesu, ɗana yana wurinka, ba zan iya dawo da shi ba. Amma tsohuwar nan tana bayan katangata tana cin wuya saboda ni. Ka buɗe mini baki, ko da Malam zai kore ni." Ban san da ƙarfi nake faɗa ba sai da na ji ɗakin ya yi tsit. Na miƙe na faɗi komai, tun daga hula har kwalba. Ina faɗa ina jin ƙirjina na sakewa, kamar an kwance igiyar da aka ɗaure ni da ita. Haleluya!

Da na koma gida na tarar da Malam yana goge katako. Ya ji ni har ƙarshe, ya ajiye abin aikinsa ya zauna a ƙasa. Sannan ya ce, "Ni na ce ki haifa mini ɗa ranar Juma'a? Ke nake ɗokin in tarar." Ya yi kuka, na yi. Bai kore ni ba, amma ya yi watanni kafin ya sake yi mini dariya.

Washegari da safe muka tafi ƙofar Iya, ni da Yaya Ladi da matan taron addu'armu, muka tsaya a waje inda kowa zai ji. Na durƙusa na faɗi gaskiya. Yaya Ladi ma ta durƙusa.

Iya ta ce, "Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi. Ai na sani tun ranar. Na ji warin man a bakinki."

"To, Iya, me ya hana ki faɗa?"

"Ke da kika binne ɗa, in ƙara miki da saki? Ni na tsufa, bakin mutane ba ya kashe ni. Na yafe. Allah ya yafe mu duka."

Bayan shekara Ubangiji ya ba ni wani cikin. Wannan karon Iya na fara faɗa wa. Ya wuce lissafina da kwanaki, ban taɓa komai ba. Sai wata safiya ta shafa ta ce, "Yauwa, ya sauko. Yanzu kam ɗauki taɓarya ki ɗan yi daka, ki zaga gida, kada dai ki je mini kogi." Bayan kwana biyu na haifi 'ya mace. Na ciro hular, ta ƙi shiga. Iya ta yi dariya har da hawaye, "Kan ubanta ne, kamar tulu! Ba ni nan in riƙa zuba goro." Muka sa wa yarinyar sunanta, Harira.

Na gode wa Yesu da ya warkar da ni, ya bar mini aurena, ya ba ni 'ya'ya. Ƙannena masu ciki, ku faɗa wa manya watanku, ku bar mai hannu ta duba ku, ku jira ranar da Allah ya sa. Wadda kuma ke ɗauke da wani shiru irin nawa, ki kai masa yau. Zai riƙe ki.

Amma kada in ɓoye muku ƙarshen. Ƙaryar ta kai ƙauyukan da gaskiyar ba ta kai ba. Jakunan nan ba su dawo ba. Bayan haka haihuwa kaɗan Iya ta ƙara karɓa, biyu daga ciki nawa ne. Idonta ya mutu a hankali, na riƙa miƙa mata tuwo ta kan katanga, ita kuma ba ta fasa ce mini malama mai takarda ba. Ta rasu da daminar bara. Bayan kwana uku jikarta ta kawo mini abin da aka samu a ƙarƙashin matashinta. Hular ce, korenta ya koɗe, da ɓarin goro ɗaya a ciki.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.