Injin Ƙanƙara

A bakin rumfar tsofaffin kaya, wani dattijo yana shafa injin ƙanƙarar da wata mata ta kawo sayarwa.

"Sabo fil! Me ya raba ki da shi, 'yata?"

"Rashin wuta, Baba. Wata bakwai ina tallar ruwan ɗumi."

"Mu unguwarmu ana samu. Sana'ar nake so in fara."

"Haka na ce ranar da na sayar da gonar gadona. Kai da me za ka saya?"

"Kuɗin sallama. Shekara talatin ina gadi."

Ta dube shi, ta dubi injin.

"To, in fasa?" in ji shi.

"Da mahaifina ne kai, da na ce ka fasa. Amma saya, Baba, don Allah. Tun jiya ban ɗora tukunya ba."