Garin Maganin Ɗan Aku

A ɗakin jiran likitan dabbobi, wata mata riƙe da kejin ɗan aku ta juyo wajen dattijon da ke gefenta.

"Baba, na kasa gane likitan nan. Tsuntsun 'yata na zawo, ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga baya kuma ya ba ni gari, wai ƙwayoyi ne masu rai, su gyara masa hanji."

"Ikon Allah! Waɗanda aka kashe za a mayar?"

"Wai waɗannan na kirki ne. Sati guda ina ba shi, ba sauƙi, yarinyar ko abinci ta ƙi ci."

"Yaya kike ba shi?"

"A ruwa nake zubawa, in tafasa sosai, saboda tsabta."



"Baiwar Allah, masu rai fa kika ce?"